Tatsuniyar da Ba Ta da Ƙurunƙus

A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta sanar da dakatar da fina-finai 22 masu dogon zango, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata, bisa hujjar cewa ana sakin su ba tare da an kawo mata ta duba ba. Nan da nan labarin ya zagaye zaurukan WhatsApp na Hausawan Sudan, aka yi ta muhawara, wasu na sa wa hukumar albarka, wasu na cewa ta wuce gona da iri. Abin da ban ji kowa ya ambata ba shi ne, a wannan daren ma, kamar kowane dare, yaran Hawata sun kalli waɗannan fina-finan a wayoyin iyayensu. Tsofaffin fitowa suna nan jibge a YouTube da katunan memori, kuma takardar da aka sa wa hannu a Kano ba ta da iko ko a Zariya, balle a bakin kogin Rahad.

Wannan lamari ya nuna inda muka ajiye hankalinmu a maganar yara da waya. Duk lokacin da aka taso da batun, sai mu koma kan wanda ya yi bidiyon: a kama shi, a yi masa bulala, a dakatar da shi. Yaron da ke riƙe da wayar kuwa, ba mu cika tambayar me muka tanadar masa ba. Shi ya sa na zauna na duba abin da harshen Hausa ke miƙa wa yaro ɗan shekara bakwai zuwa goma sha biyu idan ya shiga intanet, na auna shi da idon yaron garinmu. Abin da na gani shi ne mun cika rumbu da abincin manya, mun bar yara suna lasar tukunya.

Bari in fara gabatar da garin ga mai karatu na Katsina ko Maraɗi wanda bai taɓa jin sunansa ba. Hawata tana jihar Gadarif ne a gabashin Sudan, a bakin kogin Rahad, kan tsohon layin dogon da ya haɗa Gadarif da Sinnar. Ƙasar dawa ce da riɗi. Kakanninmu wasu hanyar Makka ce ta kawo su suka yada zango, wasu kuma suna cikin waɗanda suka yi hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har gaɓar Nilu. Yaronmu da harshe biyu yake tashi: Hausa a tsakar gida, Larabci a makaranta da kasuwa. A da, abin da ke haɗa mu da ƙasar Hausa shi ne rediyo da kaset da bakin alhazai masu wucewa. Yau waya ce, kuma duk abin da ya fita a Kano da safe yana hannun yaranmu kafin la'asar.

Yadda wayar ke isa hannun yaro shi ne abu na farko da masu ba da shawara daga nesa ba su gane ba. Ana ce mana a buɗe wa yaro nasa asusun, a sa masa Family Link, a tuna cewa TikTok da Facebook sun ce sai mai shekara 13. Shawara ce mai kyau ga gidan da kowane yaro ke da tasa na'urar. A yawancin gidajen da na sani waya ɗaya ce ko biyu, ta maigida ko ta babban wa, da ita ake tura kuɗi a Bankak, da ita ake jin labarin 'yan'uwa, kuma ita ce ake miƙa wa yaro idan ya dame mutane da kuka. A wurin YouTube, wanda ke kallo magidanci ne mai shekara arba'in, don haka abin magidanta za ta jero masa. Ban da wannan, kaso mai yawa na abin da yara ke kallo ba ta intanet yake shigowa kai tsaye ba. Masu shagon caji da tura fina-finai ne ke cika kati, sannan ya bi waya zuwa waya ta Bluetooth da Xender. A watan Fabrairun 2024, lokacin da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, manya sun rasa hanyar tura kuɗi da jin muryar dangi, amma kallon yara bai tsaya ba.

Sai kuma yaƙi. Tun 15 ga Afrilun 2023 makarantu suka rufe na tsawon lokaci, har UNICEF ta ce a ƙarshen wannan shekarar kimanin yara miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a Sudan. Da Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023, sannan Sinja da Dindir a tsakiyar 2024, jama'a suka kwararo jihar Gadarif, ajujuwa suka koma ɗakunan kwana. Yaron da babu makaranta, iyayensa kuma hankalinsu na kan abin da za a ci, waya ce ta zama mai renonsa. Ba na zargin uwar da ta miƙa ta. Tambayata tana kan abin da ke ciki.

Idan yaron Hawata ya nemi abin yara da Larabci, ya samu har ya ture. Spacetoon tana nan tun shekarar 2000, da katun ɗinta da aka juya zuwa Larabci mai tsabta. Tuyurul Janna ta ƙasar Jodan tana nan tun 2008, waƙoƙinta na wanke hannu da gaida iyaye da haddace addu'a babu yaron Sudan da bai iya rera ɗaya ba. Mutum zai iya sukar waɗannan tashoshin ta fuskoki da yawa, amma wanda ya shirya su ya san da yaro yake magana: jimla gajera, maimaici, launi, darasi ɗaya a zama ɗaya.

To, ya juya ya nemi Hausa. Abin da zai fara cin karo da shi su ne fina-finai masu dogon zango, kuma dole in yi musu adalci, domin a cikinsu akwai aikin da ya cancanci yabo. Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya gina gari guda da mutanensa, har mai kallo ya san halin kowa kamar maƙwabcinsa. Kwana Casa'in ya fito da dattin siyasa fili yadda jarida ba ta iya ba. Labarina na Aminu Saira ya ɗaga darajar hoto da tsara zance a Kannywood. Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi ya mai da kwaɗayin 'ya'ya a kan dukiyar ubansu abin dariya mai ciwo. Izzar So ya nuna cewa fim zai iya rayuwa a YouTube kaɗai ya tara miliyoyin masu kallo. Sai dai duk cikinsu babu wanda aka rubuta don yaro. Jigoginsu kishi ne da saki da gado da cin amana da shaye-shaye da neman aure. Babba yana kallon makirar mace a fim ya san marubuci na jan ta ne zuwa ranar da asirinta zai tonu, wataƙila bayan fitowa talatin. Yaro ba ya kaiwa fitowa ta talatin da wannan lissafin a kansa. Abin da ya ɗauka shi ne yadda ta harari kishiyarta da kalmar da ta jefa mata, kuma gobe za ka ji ta a bakinsa a wajen wasa.

Na biyu su ne fina-finan Indiya da aka juya zuwa Hausa, irin na Algaita da takwarorinsu. A nan ma akwai gwaninta da ba a cika yaba mata ba. Masu fassarar sun iya Hausar titi, sun iya saka karin magana da ba'a a bakin jarumin da bai taɓa jin sunan Kano ba, kuma na sha jin yaran da Hausarsu ta fara rauni sun tsinci kalmomi a nan. Amma mafi yawan waɗanda ake zaɓa a juya na faɗa ne: sara, harbi, ramuwar gayya, jarumi ɗaya ya karya mutum ashirin. Muryar Hausa mai ban dariya da aka ɗora a kai tana sa jinin ya zama abin nishaɗi. Wannan a ko'ina abin dubawa ne, balle a ƙasar da yaro ya ga bindiga da idonsa a shingen hanya.

Na uku shi ne TikTok, inda Hausa ta fi kowane wuri kaifi da rashin linzami. Akwai malamai da masu koyar da girki da sana'a, amma abin da na'urar ke turowa gaba shi ne abin da ya fi tara jama'a, wato habaici da tonon silili da zagin iyaye a zaman kai tsaye. Wata dattijuwa ta taɓa kira a shirin iyali da nake gabatarwa, ta ce da ni: "Ɗana, ni abin da ya ɗaure mini kai, jikana in zai yi waƙa da Larabci yake yi, in zai yi zagi da Hausa yake yi." Na ce, "Inna, a ina yake jin zagin?" Ta ce, "A wayar ubansa mana." Ban taɓa jin wanda ya taƙaita matsalar kamar wannan baiwar Allah ba. A Kano, yaron da ya ji ashar a waya zai fita ya ji wata Hausar a makaranta, a rediyo, a wa'azi, a littafi. A Hawata kuwa, bayan tsakar gida, waya ce babbar makarantar Hausa. Idan abin da ta koya masa shi ne yarinta da ladabi na Larabci ne, faɗa da batsa na Hausa ne, to ranar da ya girma ya so ya zama mutumin kirki mun san harshen da zai ajiye.

Akwai 'yan ƙoƙari da ya kamata a ambata. An yi Dandalin Sesame, an juya Akili na kamfanin Ubongo na Tanzaniya zuwa Hausa, haka ma Bino da Fino na Adamu Waziri. Suna da kyau, kuma duk uban da ya same su ya sauke wa 'ya'yansa. Amma ba su da yawa, na ƙananan yara ne sosai, kuma sai wanda ya san sunansu ya nema yake samu. Ɗan shekara goma da ya wuce ƙidayar ɗaya zuwa goma, bai kuma kai maganar aure ba, shi ne marayan wannan kasuwa.

Abin ya fi ba ni takaici idan na tuna cewa mu ba baƙin adabin yara ba ne. Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a shekarun 1930 don 'yan makaranta, Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni a shekarun 1970. Kafin su duka akwai tatsuniyar kaka, kuma ina so mai karatu ya dubi yadda aka gina ta, domin a ganina a nan darasin yake. Tatsuniya ba ta rasa abin tsoro ba: Dodo na haɗiye mutane, kishiyar uwa na azabtar da marainiya, Gizo maƙaryaci ne mai cin amanar Ƙoƙi. Amma tana da lokaci, sai dare bayan an gama aiki, har akan tsorata yara cewa mai yin ta da rana ɓata zai yi. Tana da ƙofa: sai an ce ga ta nan ga ta nanku, yara sun amsa ta zo mu ji ta, wato da yardarsu aka shiga. Tana da mai ba da ita, wadda ke kallon fuskokin jikokinta, in ta ga ƙaramin ya firgita ta rage wa Dodo tsawon haƙori. A cikin taro ake jin ta, don haka mai tambaya zai yi tambaya. Sannan tana da ƙurunƙus. Da an faɗe shi an rufe, kowa ya tashi ya kwanta, kuma an shaida wa yaro cewa abin da ya ji ƙirƙira ce.

Waya ta ɗauki labarin ta zubar da waɗannan duka. Ba ta da lokaci, ba ta neman izini, ba ta ganin fuskar yaro, shi kaɗai yake kallo a lungu, kuma da gangan aka ƙera ta kada ta ƙare: bidiyo na ƙarewa wani ya hau kansa, domin kuɗin kamfanin yana cikin daɗewar ido a kan allo. Ba ta kuma ce masa wannan wasa ne wancan gaske ne. Fim ɗin Indiya da bidiyon gawarwakin da mayaƙa suka ɗauka da hannunsu jere suke zuwa, da girma ɗaya, a allo ɗaya.

Wani zai ce ai kamfanonin suna da masu tacewa. Suna da su, amma a tambayi da wane harshe suke ji. Takardun da Frances Haugen ta fitar daga Facebook a 2021 sun nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na abin da kamfanin ya ware don tantance labaran ƙarya a kan Amurka yake ƙarewa, sauran duniya ta raba kashi 13. In Hausar boko ta Najeriya tana samun ɗan rabo a ciki, ina ga tamu, wadda ake rubutawa da haruffan Larabci, a cakuɗa ta da Larabcin Sudan, ko kuma a aiko ta a saƙon murya a WhatsApp inda babu mai ji sai wanda aka tura wa? Mun ɗanɗana wannan a 2022, lokacin rikicin jihar Nilul Azraƙ, wadda gidajen rediyo ke kira Blue Nile, inda aka kashe ɗaruruwan mutane tsakanin Yuli da Oktoba. Kalaman ƙiyayya a kan Hausawa, da martanin da wasu namu suka mayar, da hotunan waɗanda aka kashe, duk sun bi ta wayoyin da yara ke wasa da su. Akwai yaran da a allon waya suka fara jin wani na cewa su ba 'yan ƙasa ba ne. Ƙasashe masu ƙarfi suna iya murɗe kunnen kamfanonin: Amurka ta ci tarar YouTube dala miliyan 170 a 2019 saboda tattara bayanan yara, Ailan ta ci tarar TikTok yuro miliyan 345 a 2023, Ostareliya ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 shafukan sada zumunta a ƙarshen 2024. Ƙasar da ke cikin yaƙi ba ta da wannan sandar.

Shi ya sa nake ganin salon Kano, duk da kyakkyawar niyyar da ke bayansa, an bar jaki ana dukan taiki. A Nuwamban 2022 kotu ta sa aka yi wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala ashirin-ashirin, amma laifinsu taɓa gwamna ne, ba ɓata yara ba. A farkon 2024 batun Murja Kunya ya kai ga Sheikh Aminu Daurawa ya ajiye shugabancin Hisbah kafin a sasanta ya dawo, kuma duk wannan hayaniya ƙara wa bidiyoyin masu nema ta yi. Hukumar tace fina-finai, tun kafa ta a 2001, tambayar da ta fi yi wa fim ita ce ko ya saɓa wa addini da al'ada. Tambaya ce mai muhimmanci, amma akwai ta biyu da ta fi shafar iyaye: wannan fim na wane ne? Fim zai iya zama babu rawa babu tsiraici, ya tsallake tacewa lafiya, kuma duk da haka bai dace da ɗan shekara takwas ba. Hukumar tace fina-finai ta tarayyar Najeriya tana da matakan shekaru, irin su 12 da 15 da 18. Me zai hana kowane fim mai dogon zango ya buɗe da murya, da Hausa ƙarara, tana cewa wannan shiri na manya ne? Na ce murya, domin uwa da yawa a nan ba ta karanta boko, amma tana jin abin da ke fita daga wayar ko tana bakin murhu. Dakatarwa ba ta ƙetare iyakar jiha. Gargaɗin da aka ɗinka a jikin fim kuwa zai bi shi har katin memorin da ke Hawata.

Ga masu shirya fina-finai da marubutan da ke karanta wannan, ƙorafina a kanku ya fi na kan hukuma nauyi. Kun nuna kuna iya riƙe mai kallo shekara uku a kan labarin soyayya ɗaya. Gizo da Ƙoƙi da Botorami suna nan babu mai neman ku biya shi haƙƙin mallaka. Tafiyar kakanninmu a ƙasa daga Sakkwato zuwa gaɓar Nilu, da jakuna da yara a goye, labari ne da zai riƙe ɗan shekara goma fitowa hamsin. Na san amsar ita ce tallan da ke kan shirin yara ba ya kawo kuɗi kamar na manya, kuma gaskiya ne. Amma shirin yara ba ya tsufa: kowace shekara ana haifo masa sababbin masu kallo. Mu ma 'yan rediyo maganar ta shafe mu, domin a tashoshi da yawa filin yara shi ne rabin awar da ake fara yankewa idan an sami mai sayen lokaci.

Kafin wannan ya samu, aikin yana wuyan gida, kuma abin da zan ce bai buƙatar ilimin kwamfuta. A mayar wa kallo da abubuwan da tatsuniya ke da su. A sa masa lokaci sananne, kuma waya kada ta kwana a shimfiɗar yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2019 cewa jariri kada a ba shi allo sam, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. A kashe maɓallin da ke sa bidiyo ya bi bidiyo da kansa a YouTube, a hana WhatsApp sauke hotuna da bidiyo ba tare da an taɓa ba, domin ta nan mafi munin abubuwa ke shiga ma'ajiyar waya. Uba ya je shagon tura fina-finai da ƙafarsa ya zaɓi abin da za a sa, maimakon ya aiki yaro da kati. A yi kallo a tsakar gida da sauti a buɗe, babba na kusa, ya riƙa tambaya: me ya sa wannan ya yi haka, kai da kai ne me za ka yi? A gaya wa yaro tun wuri cewa duk wanda ya nemi hotonsa, ko lambar sirrin Bankak, ko ya ce kada ya faɗa wa kowa, ko ya turo saƙon rajistar tallafi, to a kawo wa babba ya gani. Mafi muhimmanci, ranar da ya zo ya ce ya ga wani abu, kada a dake shi. Yaron da aka daka don ya faɗi gaskiya ba zai daina gani ba, faɗa zai daina.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka muka ji daga manya, sai dai mai tanƙwarawa dole ya kasance kusa da iccen. Hukumar Kano tana nesa da mu, kamfanonin Amurka da Sin sun fi ta nisa. Waɗanda ke kusa su ne uwa da uba da yaya da malamin allo, sai kuma marubucin da zai yarda ya zauna ya rubuta wa ɗan shekara goma labari da Hausa, mai farko da ƙarshe. Allah ya shirya mana zuri'a, ya kawo wa Sudan zaman lafiya.